Tsunami: Yadda Take Tasowa, Abin da Take Yi wa Duniya, da Inda Ake Kuskure

Ranar Lahadi 26 ga Disamba, 2004, da ƙarfe 7:58 na safe agogon Indonesiya, ƙasan teku ya tsage a yammacin tsibirin Sumatra. Tsagewar ta fara ne a zurfin kimanin kilomita 30, ta nausa arewa, ta wuce tsibiran Nikoba har ta kai Andaman, tsawon kilomita 1,300 ko fiye. Girgizar ƙasa da aka saba ji daƙiƙoƙi kaɗan take yi ta lafa, amma wannan ta yi kusan minti goma ana yi, ƙarfinta maki 9.1. Ruwan da ta tayar, wanda ake kira tsunami, ya kashe mutum kimanin 230,000 a ƙasashe 14. A lardin Aceh na Indonesiya kaɗai an rasa sama da 160,000. Ruwan ya ƙetare Tekun Indiya ɗungurungum, bayan awa bakwai ya sauka a Hafun, garin masunta a gaɓar Somaliya.

Bayan kwanaki sai labari ya bazu cewa girgizar ta karkatar da duniya daga mazauninta, ta rage tsawon yini. Akwai gaskiya a maganar, sai dai ta ɗauke hankalin mutane daga inda ɓarnar take. Ita duniya, a matsayinta na dunƙulen dutse mai juyawa, da ƙyar ta san an yi. Wanda ya ji a jikinsa shi ne siririn zirin bakin teku, inda mutane da rijiyoyi da gonaki suke.

Daga ina ruwan yake samun ƙarfi

Ɓawon duniya ba dunƙule ɗaya ba ne. Manyan faya-fayan dutse ne da ke motsi a hankali, santimita kaɗan a shekara. A yammacin Sumatra faifan Indiya yana kutsawa ƙarƙashin faifan Burma. Inda suka haɗu ba sa zamewa cikin sauƙi, maƙalewa suke yi. Na ƙasa yana ta turawa, yana jan leɓen na sama zuwa ƙasa, na saman yana lanƙwashewa yana tara ƙarfi shekaru ɗaruruwa. Ranar da maƙalewar ta saki, leɓen ya zabura sama a lokaci guda. A 2004 duwatsun sun zame da kimanin mita 15 a wurare da dama, ƙasan teku ya ɗaga da mitoci kaɗan, duk ruwan da ke bisansa ya ɗagu tare da shi.

A nan ne tsunami ta bambanta da igiyar ruwan da iska ke kaɗawa. In ka hura koko a kwano, samansa kaɗai ke motsi. In ka buge gindin kwanon, kokon duka ne zai tashi. Igiyar iska fuskar teku kawai take taɓawa, tsakanin wata da wata bai wuce mita ɗari ko ɗari biyu ba, kowace tana zuwa ta wuce cikin daƙiƙa goma zuwa ashirin. Tsunami kuwa tun daga ƙasan teku har fuskarsa take motsa ruwa, tsakanin igiya da igiya kan kai kilomita 200 ko fiye, kuma igiya ɗaya kan ɗauki minti goma zuwa awa guda tana shigowa.

Ba kowace babbar girgiza ke haifar da ita ba. Sai girgizar ta auku ƙarƙashin teku, ba ta yi nisa can cikin ƙasa ba, ta yi ƙarfi sosai, galibi daga maki 7.5 zuwa sama, sannan motsinta ya zama na sama da ƙasa. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya fi muhimmanci. Ranar 11 ga Afrilu, 2012, an yi girgiza mai maki 8.6 a tekun Sumatra ɗin nan, mutane suka gudu kan tudu, amma ruwan da ya zo ƙarami ne, domin duwatsun gefe da gefe suka goga, ba su ɗaga teku ba. Alƙiblar tsagewar ma tana da tasiri. Ta 2004 daga kudu zuwa arewa ta miƙe, saboda haka ƙarfin ruwan gabas da yamma ya nufa, Tailan da Siri Lanka suka sha shi. Bangladesh, wadda take ƙasa-ƙasa kuma cike da jama'a, tana arewa, ɓarnar da ta gani kaɗan ce.

Gudun tsunami zurfin ruwa ne kaɗai ke yanke shi. Lissafin ba wuya: a ninka zurfin da 9.8, a ɗauki tushen adadin, a sami mita nawa take ci a daƙiƙa. A zurfin mita 4,000 ya kama kusan mita 200 a daƙiƙa, wato kilomita 700 da 'yan kai a awa, kusa da gudun jirgin sama. Duk da haka wanda ke cikin jirgin ruwa a tsakiyar teku ba zai san ta wuce ba. Tauraron ɗan'adam na Jason-1 ya ratsa ta saman Tekun Indiya awa biyu bayan girgizar 2004, ya auna tsayin igiyar, bai wuce santimita 60 ba.

Da ta doshi gaɓa sai lissafin ya juya. A zurfin mita 50 gudunta ya sauko zuwa kilomita 80 a awa, a zurfin mita 10 ya koma 36. Goshin igiyar ya rage gudu alhali ƙeyarta tana can baya tana tahowa da sauri, sai ruwan ya matsu ya yi sama. Daga zurfin mita 4,000 zuwa mita 10 tsayin yakan ninka sau huɗu zuwa biyar ta wannan hanya kaɗai. In gaɓar lungu ce mai faɗin baki da tsukakken ciki, irin ta Sanriku a arewa maso gabashin Japan, ruwan ya ƙara matsuwa. Shi ya sa a tsunamin da ya afka wa Japan a 2011 ruwan ya hau tudu har kimanin mita 40 a yankin Miyako. A fili shimfiɗaɗɗe kamar na Sendai bai kai wannan tsayi ba, amma ya kutsa kilomita biyar cikin ƙasa. Koguna kuwa hanya ce a buɗe gare shi, ya fi gudu a cikinsu fiye da kan tudu.

Mutane da yawa sun ɗauka dole sai teku ya janye kafin tsunami ta zo. Ba kullum ba. Lokacin da leɓen faifan ya zabura sama, ɓangaren da ke bayansa nutsewa yake yi. Igiyar da ta nufi gabas a 2004 kwarinta ne ya riga isa, shi ya sa a Tailan teku ya ja baya ɗaruruwan mitoci, kifaye suna tsalle a kan yashi, mutane suka sauka kallo da tsinta. Wadda ta nufi yamma tudunta ne a gaba, a Siri Lanka ruwa kawai aka ga yana hauhawa. Kuma ba igiya ɗaya ba ce. A Peraliya ta Siri Lanka, igiyar farko ta tsayar da jirgin ƙasa, mutanen ƙauye suka fake a bayansa, wasu suka hau, suna ganin ƙarfe ne mai nauyi. Ta biyu da ta zo bayan mintuna ita ta kifar da taragan. Sama da mutum dubu suka mutu a wurin.

Game da ƙarfin bugunta, ruwa mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi nauyinsa tan ɗaya ne, kuma in gudunsa ya ninka sau biyu, turinsa ya ninka sau huɗu. Ruwan da bai kai gwiwa ba yana kayar da babban mutum. Binciken da aka yi a Japan bayan 2011 ya nuna cewa da zarar zurfin ambaliyar ya haura mita biyu, yawancin gidajen katako ba sa tsayawa. Sannan ba ruwa zalla ba ne: laka ce baƙa, da katakai, da kwanon rufi, da motoci. A Banda Aceh ruwan ya ɗauki wani jirgin ruwa mai injin samar da lantarki, nauyinsa tan 2,600, ya dire shi tsakiyar unguwa, kilomitoci daga teku, yana nan har yau. A Lampuuk kuwa an share garin kaf, masallacin Rahmatullah ya rage a tsaye. Ta fuskar gini, injiniyoyi sun lura cewa ginshiƙan kankare masu ƙarfi da manyan ƙofofi suna barin ruwa ya ratsa ya wuce, maimakon ya daki bango toshasshe.

Abin da duniya ta ji

Masanin hukumar NASA, Richard Gross, ya lissafa cewa girgizar Japan ta 11 ga Maris, 2011, ta rage tsawon yini da kimanin kashi 1.8 cikin miliyan na daƙiƙa ɗaya, ta kuma gusar da layin da nauyin duniya ya daidaita a kansa da kimanin santimita 17. Dalilin shi ne wani nauyin dutse ya ƙara matsawa kusa da tsakiyar duniya, juyin ya ɗan ƙara sauri. A lura, lissafi ne, ƙanƙantarsa ta sa ba a iya ware shi a auna kai tsaye. Sauyin iska da na kwararar teku tsakanin damina da rani yana ƙara wa yini ko rage masa kimanin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa kowace shekara, wato ninki ɗaruruwa na abin da girgizar ta yi. Ba ta sauya lokacin damina ba, ba ta taɓa fitowar rana ko faɗuwarta ba.

Sauyin da ake gani da ido a taswira yake. Zirin Oshika na Japan ya matsa gabas da mita 5.3, ya nutse da mita 1.2. Garuruwan masunta da ke wurin sun wayi gari tashoshin jiragensu suna shan ruwa duk lokacin da teku ya cika, sai da aka yi ciko aka ɗaga su. Ƙasan teku kusa da kwazazzabon da ke ƙarƙashin ruwa a gabashin Japan ya gusa da kimanin mita 50. A 2004 ƙarshen kudancin tsibirin Babban Nikoba ya nutse da kimanin mita huɗu, hasumiyar fitilar jiragen ruwa da ke can ta koma tsaye cikin teku. A arewacin Andaman akasin haka aka gani: ƙasa ta ɗaga sama da mita ɗaya, duwatsun murjani suka fito fili, rana ta busar da su suka mutu, itatuwan taɓon bakin teku da ruwa ya daina kaiwa gare su su ma suka bushe.

Ruwan 2011 ya yi tafiyar kilomita 13,000 cikin kimanin awa 18 ya isa Antatika. Tsayinsa a can ɗan kaɗan ne, amma kai-komonsa ya ɓalle ƙanƙara mai faɗin murabba'in kilomita 125 daga dandamalin Sulzberger, wanda ya yi shekaru da dama bai motsa ba. Gwamnatin Japan ta ƙiyasta tarkacen da ruwa ya ja cikin teku tan miliyan biyar ne, kashi 70 cikin ɗari ya nutse kusa da gaɓa, saura ya bi ruwa. A watan Yuni na 2012 wani ƙaton dandamalin tashar jiragen ruwa daga Misawa ya fito a gaɓar Oregon ta Amurka, jikinsa cike da halittun ruwan Japan a raye. Cikin shekarun da suka biyo baya an ƙirga nau'o'in halittu kusan 300 da suka ƙetare Tekun Pasifik a kan tarkace. Da katako ne da ya ruɓe a hanya, roba da makamantanta ne suka ɗauke su shekaru.

Gishiri

Ɓarnar da ta fi daɗewa, wadda kyamara ba ta cika ɗauka ba, gishiri ne. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da giram 35 na gishiri. Lita ɗaya ko biyu cikin lita ɗari na ruwan daɗi ta isa a ji shi a baki. A Siri Lanka rijiyoyi kimanin 40,000 ne suka gurɓata a 2004. Masu agaji suka zo da injinan ban ruwa suka dinga yashe su har ƙasa, da niyyar alheri, amma a wurare da yawa abin ya ƙara lalacewa. A ƙasar bakin teku ruwan daɗi yana zaune ne a bisa ruwan gishiri domin ya fi shi rashin nauyi, kuma kaurinsa ba shi da yawa. In aka zuƙe rijiya da ƙarfi, ruwan gishirin da ke ƙasa sai ya taso ya cike gurbin, wani lokacin ma bangon rijiyar ya rufta. Sau da yawa kuma ruwan da aka yashe kusa da rijiyar aka zubar, ya sake tsatsafowa ciki. Abin da ya dace shi ne a kwashe laka da tarkace, a sa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, a ja ruwa kaɗan-kaɗan daga sama, a zubar da shi nesa, a bar damina ta yi sauran aikin. A wasu wuraren sai da aka yi damina biyu ko fiye kafin ruwan ya shawu. A tsibiran Maldibs, inda ruwan ƙasa ɗan siriri ne cikin yashi, ga gishiri ga ƙazantar masai da ta fashe ciki.

Gona ma haka take. A Japan sama da hekta 20,000 na gonaki ne ruwan teku ya kwanta a kai, yawancinsu na shinkafa. Gishiri yana hana saiwa shan ruwa ko da ƙasar jiƙe take, kuma yana daskarar da ƙasar laka ta daina tsotse ruwa. Gyaran yana da matakai. A fara kankare yashi da lakar da teku ya bari. A gyara magudanai da injinan fitar da ruwa, domin in ba inda ruwa zai fita, wanki ba ya yiwuwa. Sai a watsa sinadarin farar ƙasa wanda ke sakin gishirin daga jikin laka, a cika gonar da ruwan daɗi, a kaɓe, a sake, a maimaita har awo ya nuna ya sauka. A Aceh, inda ake ruwan sama mai yawa, gonaki masu magudana sun farfaɗo da wuri fiye da yadda aka yi tsoro. Waɗanda ƙasarsu ta nutse kuwa sun koma fadamar gishiri.

Ana yawan cewa dazukan bakin teku garkuwa ne. Suna taimakawa in ruwan matsakaici ne kuma dajin yana da kauri, kamar yadda aka gani a ƙauyukan da ke bayan dajin Pichavaram a kudancin Indiya. Amma a Rikuzentakata ta Japan akwai itatuwa kimanin 70,000 a bakin teku, ruwan 2011 ya bar guda ɗaya, kututturan sauran suka zama abin dukan gidaje.

Inda ake kuskure

A 2004 Tekun Indiya ba shi da tsarin gargaɗi ko kaɗan. Cibiyar gargaɗin tsunami da ke Hawai, wadda aka kafa a 1949 bayan tsunamin 1946 ya afka wa garin Hilo, ta ga girgizar cikin mintuna, amma ta fara ƙiyasta ta da maki 8.0, ba ta da na'urar auna ruwa a wannan teku, ba ta kuma da tsayayyar hanyar sanar da hukumomin ƙasashen. Mutanen Banda Aceh minti 15 zuwa 20 suke da shi, da wuya wata sanarwa ta riske su. Amma Siri Lanka da Indiya da Tailan suna da kimanin awa biyu, Somaliya awa bakwai. Mutuwar dubun-dubatar da aka yi a waɗannan wurare ba ƙarfin ruwa kaɗai ya jawo ta ba, rashin wanda zai ce musu su hau tudu ne. Wannan abin takaici ne da bai kamata a rufe shi da cewa bala'i ne kawai ba.

Tsarin da ake da shi yanzu sassa huɗu ne. Na'urorin auna girgiza su faɗi wuri da ƙarfi. Na'urar da ke zaune a ƙasan teku ta auna nauyin ruwan da ke bisanta, tana gane ƙarin santimita ɗaya, ta aika saƙo ta sauti zuwa wata da ke yawo a fuskar ruwa, ita kuma ta miƙa wa tauraron ɗan'adam. Kwamfuta ta lissafa inda ruwan zai kai da lokacin. Sai sashe na huɗu, wanda ya fi kowane rauni: isar da saƙo ga mai kamun kifi da mai tallan bakin teku. An kafa irin wannan a Tekun Indiya a 2006, yanzu Indiya da Indonesiya da Ostareliya ne ke ba yankin sanarwa.

Japan tana da duk wannan, amma a 2011 ta rasa mutum kimanin 18,000 tsakanin matattu da waɗanda ba a gani ba, sama da kashi 90 cikin ɗari na matattun nutsewa suka yi, kusan kashi biyu cikin uku 'yan shekara 60 ne zuwa sama. An fitar da gargaɗi minti uku bayan girgizar, wanda abin yabo ne. Matsalar ita ce a wannan lokacin tsagewar ba ta gama bayyana a na'ura ba, aka ƙiyasta maki 7.9, alhali 9.0 ne. Kowane maki ɗaya ninki 32 ne na ƙarfi. Sai sanarwar farko ta ce ruwan mita uku ne a Iwate da Fukushima, shida a Miyagi. Wanda ke zaune bayan ganuwar mita goma, kamar mutanen Taro, ya ji mita uku, me zai sa ya gudu? Kafin a gyara adadin wutar lantarki ta ɗauke a wurare da yawa. Wasu kuma sun fita a mota suka maƙale a cunkoso. Tun 2013 hukumar yanayi ta Japan ta daina faɗin adadi a sanarwar farko in girgizar ta yi girma ainun, sai dai ta ce ruwan gagarumi ne.

Makarantu biyu a Japan sun nuna bambancin. A Kamaishi an yi shekaru ana koya wa yara abu uku: kada su dogara da taswirar haɗari, su yi iyakar ƙoƙarinsu, su zama na farko wajen gudu. Da ƙasa ta girgiza 'yan sakandare suka fita da gudu, suka ja hannun ƙananan firamare, suka isa mafakar da aka tanada, suka ga ba ta yi musu ba, suka ƙara hawa. Ruwa ya cinye mafakar farko. Kusan duka yaran garin 3,000 suka tsira. A firamaren Okawa da ke Ishinomaki, kilomita huɗu daga teku a gefen kogin Kitakami, taswira ta nuna ruwa ba ya kaiwa nan. Aka tsayar da yara a filin makaranta kusan minti 50 ana shawara, ga tudu a bayan makarantar. Yara 74 cikin 108 suka mutu, da malamai goma.

A tsibirin Simeulue na Indonesiya, wanda ya fi ko'ina kusa da inda girgizar 2004 ta fara, mutane kimanin 78,000 ne, bakwai suka mutu. Babu na'ura ko ɗaya. Tsunamin 1907 ya hallaka kakanninsu, labarin ya shiga waƙoƙin reno da tatsuniya: in ƙasa ta girgiza, teku ya ja, a hau dutse. Ga wanda ke kusa da tushen, girgizar ita ce sanarwar. In ta hana tsayuwa, ko ta daɗe har minti guda ko da ba ta da ƙarfi, a bar komai a nufi tudu da ƙafa, a kauce wa bakin kogi, kuma kada a sauko sai hukuma ta ce, domin igiyoyin kan yi awanni suna zuwa.

Ganuwa tana da amfani, amma iyakarta lissafin da aka gina ta a kai. A ƙauyen Fudai na Japan wani shugaban gari, Kotoku Wamura, ya nace sai da aka gina ƙofar tare ruwa mai tsayin mita 15.5, ana ta sukarsa da ɓarnar kuɗi, a 2011 ƙauyen ya tsira. Tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi an shirya ta ne don ruwan mita 5.7, wanda ya zo ya kusa mita 14 zuwa 15. Tukwanen da ake sarrafa makamashin nukiliya a cikinsu sun kashe kansu daidai lokacin girgizar kamar yadda aka tsara, amma makamashin nukiliya yana ci gaba da fitar da zafi bayan an kashe shi, dole a yi ta zagaya masa da ruwan sanyi. Janaretocin gaggawa da allunan rarraba wuta yawancinsu a ƙasan gini suke, ruwa ya cika su, tukwane uku suka narke. Tashar Onagawa ta fi kusa da tushen girgizar, amma an gina ta a tudun mita 14.8, ta tsira, har mutanen gari suka fake a cikinta. Tun kafin 2011 masana sun tono yashin teku a ƙarƙashin gonakin Sendai, shaidar irin wannan ruwa a shekara ta 869, sun kuma yi magana.

Akwai giɓin da har yanzu ba a toshe ba. Tsarin gargaɗi girgiza yake saurare. Daren 22 ga Disamba, 2018, gefen dutsen Anak Krakatau mai aman wuta a Indonesiya ya zaftare cikin teku, babu wata babbar girgiza, babu sanarwa, sama da mutum 400 suka mutu a gaɓar Jaba da Sumatra. Wata uku kafin nan a birnin Palu na Indonesiya, ruwan ya iso cikin mintuna kaɗan, girgizar ta riga ta katse wuta da layukan waya.

Wanda ke taɓa duniya duka

In ana neman ƙarfin da ke sauya yanayin duniya baki ɗaya, dutse mai aman wuta ne. Ba tokarsa ba ce, ita tana zubowa cikin kwanaki ko makonni. Iskar farar wuta ce da yake harbawa can sama, inda gajimaren ruwa ba ya kaiwa balle ya wanke ta. A can take zama ƙananan ɗigo masu mayar da hasken rana, ta yi shekara ɗaya zuwa uku. Pinatubo na Filifin ya harba tan miliyan 15 zuwa 20 a Yunin 1991, zafin duniya ya sauka da kimanin rabin digiri. Tambora na Indonesiya ya fashe a Afrilun 1815, shekarar da ta biyo baya amfanin gona ya lalace a Turai da Arewacin Amurka. Hunga Tonga kuwa, a 15 ga Janairu, 2022, tururi ya fi turawa, tan miliyan 146 ko kusa da haka, kuma bugun iskarsa ya zagaye duniya yana tayar da ƙananan tsunami har a tekunan da ba su haɗu da nasa ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Daminar Sahel ta dogara ne da yadda arewacin duniya ke ɗumama ya jawo iska mai laima daga Tekun Atlantika. In aman wuta ya sanyaya arewa fiye da kudu, layin ruwan sama yakan ja baya zuwa kudu. Bayan aman Laki na ƙasar Aisilan a 1783, kogin Nilu ya gaza cika, yunwa ta afka wa Masar. Masu nazarin yanayi suna ganin aman El Chichón na Meziko a 1982 ya ƙara tsananta farin 1983 da 1984 a Sahel, a kan sauran dalilai irin su ɗumamar tekunan kudu da hayaƙin masana'antun arewa.

Ita tsunami haɗarinta kaɗan ne a gaɓar Afirka ta Yamma, domin babu faifan da ke kutsawa ƙarƙashin wani daga Dakar har Duwala. A Atlantika ba a rasa ta gaba ɗaya ba, ta Lisbon a 1755 ta daki gaɓar Maroko. Abin da ya fi kusa da mu shi ne tafkin Nyos a arewa maso yammacin Kamaru. Tafki ne a bakin tsohon dutsen aman wuta, zurfinsa kimanin mita 200, iskar kabon tana tsatsowa daga ƙasa tana narkewa a ruwan can ƙasa, nauyin na sama ya danne ta. Daren 21 ga Agusta, 1986, ruwan ya juye, iskar ta ɓalle a lokaci guda, ta tayar da igiya mai tsayin kimanin mita 25 a cikin tafkin. Da yake ta fi iskar shaƙa nauyi sai ta bi kwari ta gangara ƙauyuka, ta kashe mutum 1,746 da dabbobi kimanin 3,500, akasarinsu shanun makiyaya. Maganin da aka samo bututu ne da aka zura har ƙasan tafkin a 2001, aka ƙara biyu a 2011. Sau ɗaya ake jan ruwan da inji, daga nan kumfar iskar da ke fita ita ke ci gaba da turo shi sama da kanta. Tafkin Kibu, tsakanin Ruwanda da Kwango, ya ninka Nyos girma da yawan iska nesa ba kusa ba, mutum kimanin miliyan biyu ke zaune kewaye da shi, dutsen Nyiragongo kuma yana bisa birnin Goma a bakinsa. Ruwanda ta fara zuƙo iskar gas daga ƙasan tafkin tana samar da lantarki, kuma abin da masana ke sa wa ido shi ne zurfin da ake mayar da ruwan bayan an cire gas ɗin, domin in aka zuba shi a inda bai dace ba, zai iya dagula jerin ruwan da ke danne iskar.